Ƙyarana a Tsakiyar Gonar Acca

To, a haka fa motar ta ajiye mu a bakin wata hanyar jar ƙasa can gaba da Bukuru, ranar wata Asabar cikin watan Oktoba na 1978, yaron mota yana dukan jikin ƙofa yana cewa, "Mama, in dai barikin nan kike nufi, sauran sai dai ƙafa." Muka sauka, ni da kakata Iya. Ina sanye da suwaita biyu, rana tana dukan tsakiyar kaina, ita kuma ta riƙe mini wuyan hannu kamar wani zai fizge ni. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Ciyawa ta fara yin ja, ga tuddan ƙasar da aka haƙo aka tara kamar an kifa manyan tukwane, ga wani ƙaton injin haƙa mai dogon wuya ya yi tsatsa, shanun Fulani suna kiwo a inuwarsa. Iya ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta daɗe a tsaye, sannan ta ce a hankali, ba ma da ni take ba, "An kwashe garin."

Ku yi haƙuri, na faro muku daga tsakiya, haka nake in zancen nan ya taso, bakina ba ya jira na. Ni ba wani karatu na yi mai zurfi ba, daga firamare na shiga ɗinki, amma ba abin da nake so a duniya kamar in zauna gaban tsoho in ji yadda aka yi garin Jos ya zama gari, kuma a ranar nan ciwon ya kama ni. Da safe Iya ta ce da babana acca za ta je sayowa, wai ta ƙauye ta fi ta kasuwa tsabta. Ni ma haka na ɗauka, ina ta murnar shiga mota. Amma bari in gaya muku tun yanzu: kabari muka je nema. Kabarin ɗanta na fari, wanda ya rasu yana ɗan shekara uku a barikin 'yan kuza, shekara talatin da wani abu kafin ranar, kuma ba ta taɓa ganin inda aka sa shi ba.

A Anguwan Rogo muke, gida mai zaure da rijiya a tsakiya, da 'yan haya kala-kala. Akwai Banufiya mai sayar da man ja, akwai wani tela Bayarabe da kekensa ke tashin mu da sassafe, akwai mu. Aikina shi ne sharar tsakar gida, da bin layin famfo da bokiti, da dama wa akuyar Iya dusa, sai kuma babban aikin, wato hura mata garwashi a kasko. Iya ba ta wasa da sanyi. Ko da rana ta take, sai ta shafe mini ƙirji da man shanu, ta sa mini suwaita, ta ɗora wata a kai, ta ja mini hula har kunne. In muka fita yin langa ko ƙwallon tsumma, ko muka hau duwatsun bayan unguwa muna sulu a kan murfin kwano, kowa da 'yar singileti, ni kaɗai nake tafe kamar buhun dankali. Yaran unguwa suka laƙaba mini Ɗan Bargo, abokina Bitrus kuwa in ya gan ni sai ya kama rawar ɗari da gangan yana kaɗa haƙora. In na kawo ƙara gida sai ta ce, "Angona, su ba su san garin nan ba, ni na san shi." Ba ta kuma taɓa kiran sunana ba. In da wasa ne Angona, in da faɗa ne Mai Suna. Na ɗauka duk kakanni haka suke.

Mijinta, kakana, muna kiran sa Baba Tsoho, dogo ne ƙwarai, ga tari da ba ya barin sa. Da hantsi yakan fito da buzunsa ya jingina da bangon zaure yana shan rana, in ba makaranta in raɓa kusa da shi. Daga bakinsa na fara jin cewa garin nan da nake gani, da sinima da tashar jirgi da kantuna, akwai lokacin da ba komai a wurin sai duwatsu da ciyawa da ƙauyukan mutanen ƙasar, Birom da Anaguta da Jarawa, kowane gida an kewaye shi da shingen ƙyarana. Kuza ce ta tara mutane, baƙin yashin nan mai nauyi da Turawa ke narkawa. Shi daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, yana saurayi, don ya nemi kuɗin haraji ya koma kafin damina. Ya ce a hanya suka haɗu da Barebari da Zagezagi da mutanen Haɗeja, kowa da 'yar tabarmarsa a kai, kowa kuma da niyyar wata uku zai yi. "Ba wanda ya zo zama," haka yakan ce, "duk cikinmu ba wanda ya zo zama."

Ya ba ni labarin ramin da suke sauka da kwano a kai, su ciko ƙasa su hau, layi guda kamar tururuwa, heluma, wato shugaban lebura, yana tsaye a bakin rami da sanda yana waƙar gaggauta su. Ya ba ni labarin mata masu wanke kuza da ƙwarya a bakin rafi, suna juya ta suna juya ta har farin yashi ya tafi, baƙin ya kwanta a ƙasa. Da ƙaramin jirgin ƙasan da ke hawowa daga Zariya yana nishi, wanda wai in ya zo tudu mutum zai iya sauka ya yi fitsari ya sake cim masa. Da yadda Fulani suka ji labarin ƙasar ba ta da ƙudan tsando suka hawo da shanunsu. A makaranta kuwa, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Filato ba, malaminmu ya zana taswirarta a allo ya sa muna rera sunayen garuruwa. Na dawo ina rera wa Baba Tsoho, ya saurara har na gama, ya ce duk ya ji, amma ba a sa Barikin Ɗan Tanko ba. Nan ne inda suka zauna, shi da Iya, da ya koma gida ya auro ta. Sunan helumansu ne ya bi wurin.

Sauran labarin ba daga bakinsa na ji ba, mahaifiyata ce ta ba ni bayan na girma. Lokacin yaƙin duniya aka yi abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka riƙa kwaso mutane daga ƙauyuka da ƙarfi ana kawo su haƙar kuza. Bariki ya cika ya batse, ga ƙarancin abinci, ga mutanen da suka fito daga ƙasar zafi ba bargo ba riga mai kauri, ga damina da ruwan ƙanƙara. Cuta ta shigo. Yaron Iya ya yi ƙyanda, ta fara warkewa, sai sanyi ya kama masa ƙirji a ɗakin ciyawar da ke yoyo, wani dare ya cika. Da safe maza suka naɗe shi a ɗan ƙyalle suka fita da shi. Kun san mata ba sa bin gawa. Kuma kun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukar sa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Iya yarinya ce a lokacin, ba uwa ba uwar miji a kusa, sai ta riƙe al'adar nan da hannu biyu don kada matan bariki su ce ba ta da tarbiyya. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Da mijinta ya dawo ya ce, "An kai shi," ta ce, "Allah ya ji ƙan Musulmi," ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta tambayi ina ba. Bayan 'yan watanni suka baro barikin suka dawo cikin gari, aka haifi babana, rayuwa ta miƙa. Kullum tana cewa a ranta wata rana za ta tambaye shi, kullum bakin ya ƙi buɗuwa.

A daminar 1978 tarin nan ya tafi da Baba Tsoho, ya tafi da amsar. Wajen zaman makoki wani tsohon abokin aikinsa, Malam Bukar, ya leƙo ya yi wa Iya gaisuwa daga bakin ƙofa, cikin hira ya ce ai kuza ta mutu, kamfani yana kwance kwanon rufin barikinsu yana sayarwa, masu ƙasa sun karɓi abinsu sun sa garma, har maƙabartar baƙi ba a gane ta. Ina zaune ina hura garwashi, na ga hannun Iya ya tsaya cak a kan carbi. Da ta fita takaba, Asabar ta farko, ta ce acca take so.

To, mu koma bakin hanya. Muka bi jar ƙasar nan muna tafiya, ƙaya tana kama mini wando, gumi yana bin bayana. Barikin dai ba sauran bariki. Sai layin tubalan da suka zube, da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, da bishiyoyin turare dogaye suna kaɗawa. Iya tana tafe tana lissafi da baki: nan ne ya kamata rafin ya kasance, can ne kasuwar ranar biya, ɗakinsu yana fuskantar wani dutse mai kama da turmi. Amma an karkatar da rafin tun tuni, dutsen kuma ko an fasa shi ko tudun ƙasa ya binne shi. Inda take zaton masallaci yake, sai muka tarar da wani ƙaton kududdufi, ruwansa kore shar, shiru, ba ko tsuntsu. Ramin kuza ne ruwa ya cika shi. Ta ja ni baya da ƙarfi. Muka kewaya ta nan, muka dawo ta can, har azahar ta yi, ta yi taimama ta yi salla a kan mayafinta. Na ce mata ina jin yunwa, kuma ni ban ga mai sayar da acca ba. Ta dube ni, idonta ya yi ja, ta ce, "Yi haƙuri, Angona, na ɓata ne." Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba, sai tsoro ya kama ni.

Muna shirin komawa titi sai muka ji waƙa daga bayan wani tudu. Mutane ne ke yankan acca, maza a sunkuye da ƙananan lauje, mata suna bi suna ɗaurewa. Iya ta yi sallama, wani magidanci ya ɗago ya amsa, ya ce sunansa Dung, gonar tasu ce. Ta tambaye shi ko ya san inda maƙabartar mutanen bariki take a da. Ya ce shi dai ya san ta wajen nan ne, amma tudun can ya cinye rabi, sauran kuma ƙasa ta daidaita, sai dai a tambayi tsohuwarsa. Tsohuwar tana zaune a kan dutse da lofe a baki, 'yar ƙarama, ta rame, ana kiran ta Ngo Chundung. Ta ƙura wa Iya ido, ta cire lofen, ta ce da irin Hausarta, "Amarya? Kai ne Amarya na Ali Dogo, wanda kullum yana ce itace na ɗanye ne?"

Iya ta saki hannuna. Ashe ita ce matar da ke sauko musu da itace daga kan dutse, suna ciniki da hannu saboda a lokacin ba mai jin yaren wata. Suka riƙe juna suna dariya, kowace tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa, Ngo tana nuna bakinta ba haƙori, tana tsokanar Iya wai har yanzu rowa tana nan a fuskarta. Ta tambayi Ali Dogo, aka ce ya rasu, ta girgiza kai. Iya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ta ce ta zo ne a kan wani yaro da aka binne a nan lokacin ɗiban gwamna. Dung ya ce yara da yawa aka binne a lokacin, yaya sunansa? Na ga leɓen Iya yana motsi, ba abin da ya fito. Sai ta kamo kafaɗata ta tura ni gaba, ta ce, "Mai Suna, gaya musu sunanka."

Na ce, "Sa'idu."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ba ta zo da babana ba, ba ta zo da kowa ba, sai ni. Bakin da zai faɗi sunan ta ɗauko.

Ngo ba ta ma jira ba, ta miƙe da sandarta ta ce mu biyo ta. A tsakiyar gonar, inda aka riga aka yanke acca ƙasa ta fito fili, akwai wani ɗan kewaye na ƙyarana, bai fi faɗin tabarma biyu ba, ta yi tsawo ta fi mutum, ta yi kauri ta haɗe. Ta ce da ni kada in taɓa, ruwanta yana makantarwa. Sannan ta ba da labari, Dung yana cike mata inda Hausa ta ƙare mata. Ran da aka fito da yaron tana saukowa da itace a kai, sai ta tsaya a bayan dutse tana kallo. Ta san shi, yakan biyo ta yana jan igiyar itacenta tana ba shi 'ya'yan kanya. Ta duba cikin masu binnewa ba ta ga uwar ba, abin ya ba ta mamaki, ta ce a ranta wane irin mutane ne waɗannan da za su ajiye yaro a daji uwarsa ba ta ga wurin ba. Da suka watse ta je shingen gidansu ta saro ƙyarana ta dasa a kewaye, don kada kura ta tone, don kuma in uwar ta zo nema ta samu. "Ni ya jira kai," ta ce da Iya, "ya jira, ya jira, sai an ce kun tafi Jos." Dung ya yi dariya ya ce tun yana yaro ake hana shi taɓa ƙyaranar nan, ya taɓa shan duka a kan haka, kuma da ƙasar ta dawo hannunsu bana ya so ya sare ta, tsohuwa ta ce sai dai in bayan ranta.

Iya ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa a gefen shingen, ta juya mana baya. Ba ta yi kururuwa ba. Kafaɗunta kawai nake gani suna rawa, tana tsinke 'yan ciyayin da ke gindin ƙyaranar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince wa yaro ƙaiƙayi a kai. Masu yankan acca suka daina waƙa. Abu guda na ji ta faɗa, shi ma don ina kusa ne: "An bar ka cikin sanyi."

Da ta tashi ta share fuska, ta yi wa Ngo godiya har tana neman durƙusawa, ta kuma tambaye ta, kamar yadda ake yi, ina nata iyayen suke kwance, ta yi musu fatan alheri. Ngo ta ɗaga sanda ta nuna koren kududdufin nan da muka wuce. Ta ce can ne tsohon ƙauyensu yake, da gonar mijinta, da kaburburan iyayensa da 'ya'yanta biyu. Aka zo aka ce akwai kuza a ƙarƙashi, aka tashe su, injin mai dogon wuya ya kwashe komai. "Naka yana nan, Amarya," ta ce, "nawa yana cikin ruwa." Ba da zafi ta faɗa ba, ta mayar da lofenta baki. Iya ta kama hannunta, suka tsaya su biyu suna kallon ruwan.

Da za mu tafi Ngo ta sa aka ɗaure mana dami guda na acca, ko sussuka ba a yi ba. A mota, muna gangarowa gari, Iya ta taɓa wuyana ta ji ya jiƙe sharkaf, ta ce, "Cire ɗaya, ka yi gumi." Tun da nake ba ta taɓa cewa haka ba. A gida babana ya dubi damin, ya dubi jar ƙasar da ke ƙafafunmu, ya dubi uwarsa. Kowa ya san ba a sayar da acca da karanta a kasuwa. Bai tambaya ba, ya ce sannunku da hanya, ya shige ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Iya ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, Ngo ma ta riga ta da shekara biyu ko uku. Bara na koma wurin. An yanka gonakin gefen titi an fara zuba bulo, injin nan an yanka shi an sayar wa 'yan gwangwan, kududdufin dai yana nan kore kamar jiya. Dung ya yi furfura, ƙyaranar tana tsaye, amma ya gaya mini gaskiya 'ya'yansa suna son sayar da filin, kuma shi bai san abin da za su yi bayan ransa ba. A cikin gari kuma yanzu an fara wata magana da ban saba ji ba muna yara, wai wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, har a shagona ana yi, murya tana tashi. In na ji sai in tuna tsofaffin nan biyu a bakin ruwa, ɗaya kuza ta kawo ta ta karɓe mata ɗa, ɗaya kuza ta same ta a gida ta karɓe mata ƙasa, ba wadda ta ci riba a cikinsu.

Don Allah, in kuna da tsoho a gida wanda ya ɗauki kwanon kuza, ko wadda ta wanke ta da ƙwarya, ko wanda aka tashe su daga gonarsu, ku zauna kusa da su yau, kada ku ce sai wata rana. Ku tambaye su wace hanya suka biyo, a wane bariki suka zauna, ina suka bar nasu. In kun ji, ku ba ni labari, ina so in sani, wallahi ina so. Ni dai har yanzu in sanyin Jos ya sauko, suwaita ɗaya nake sawa, ɗayar in riƙe ta a hannu.